Yadda Ake Amfani da Nazarin Kundin Gado Wajen Ceto Namun Dajin da Ke Ƙarewa

A shekarar 1996 aka ƙirga raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, aka samu 49 kacal, kuma su kaɗai ne irinsu da suka saura a doron ƙasa. Bayan shekaru ashirin da 'yan kai ana tsaro, ana hana farauta, ana lallashin manoman da raƙuman ke ci wa wake da mangwaro, adadinsu ya haura 600, har ƙungiyar IUCN mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari ta sassauta matsayinsu a 2018. Sai dai ƙirge ba ya amsa tambayar da ke biye: tun da ɗaruruwan nan duk zuriyar 49 ɗin ne, me ya tsira daga bambancin gadon da kakanninsu ke da shi a zamanin da suke yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, kuma abin da ya tsiran zai ishe su jure sabuwar cuta ko fari mai tsawo?

Irin wannan tambaya ce nazarin kundin gado ke amsawa. A cikin ƙwayoyin jikin kowace dabba akwai sinadarin DNA, wanda jeri ne na haruffa huɗu, A da C da G da T, kuma jimlar jerin gaba ɗaya shi ne kundin gadon dabbar, wanda masana ke kira jinom. Na raƙumin dawa da na zaki kowanne ya kai haruffa biliyan biyu da ɗoriya, kuma kowace dabba tana ɗauke da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wannan jagora ta jera aikin yadda ya kamata a bi shi, domin jami'an gandun daji da likitocin dabbobi da ɗaliban jami'a masu son shiga fannin. Tun farko ya kamata a san cewa na'urar karanta DNA ba kasafai take ɓata aiki ba. Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wajen tsara tambaya, da wajen takardu, da kuma a daji ranar ɗaukar samfuri.

Mataki na farko: a rubuta shawarar da ake son yankewa

Kafin a sayi ko da kwalba ɗaya, shugaban gandun da mai binciken su zauna su rubuta a jimla guda abin da za a yi idan sakamako ya fito kaza, da abin da za a yi idan ya fito akasin haka. Idan amsar ɗaya ce ko ta wane hali, to babu buƙatar binciken a yanzu. Gandun da mafarauta ke kashe dabbobinsa kowane wata ya fi buƙatar albashin masu gadi da man babur fiye da karatun DNA, kuma mai bincike na gaskiya zai faɗi haka ko da zai rasa kwangila.

Tambayar da ta fi yawa ita ce: su wane ne waɗannan dabbobi? Tana da sauƙin ji, amma an sha yin kuskure a kanta. Shekaru da yawa gidajen namun daji na Turai, musamman na Faransa, sun ɗauka cewa suna riƙe da raƙuman dawan Afirka ta Yamma, har ana ganin idan na Nijar suka ƙare akwai inda za a ɗebo wasu. Binciken DNA da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa na Turan irin Kordofan ne, wato na Chadi da arewacin Kamaru da maƙwabtansu, don haka garken Kure ba shi da wani ajiye a ko'ina. Haka nan an daɗe ana ɗaukar raƙuman dawa duka jinsi ɗaya ne, sai binciken 2016 na Julian Fennessy da Axel Janke da abokan aikinsu ya raba su jinsi huɗu, karatun cikakken kundi na 2021 ya tabbatar da hakan, IUCN kuma ta amince da rabon a 2025. Zakunan Afirka ta Yamma ma sun fi kusa da na Indiya a kan na Kenya ko Afirka ta Kudu, abin da ya sa aka sake rabon zakuna a 2017.

Sauran tambayoyin su ne nawa suka rage, ko barbara tsakanin dangi na kusa ta fara yi musu illa, ko garke biyu na musayar dabbobi har yanzu, da kuma daga ina aka kashe dabbar da aka kama haurenta ko fatarta a tashar jiragen ruwa. Kowace tambaya da irin samfurin da take buƙata. Raƙuman Kure ana ƙirga su da hoto, domin zanen jikin kowanne daban yake, saboda haka ɓata kuɗi ne a ƙirga su da DNA. Zaki kuwa, wanda ke fita da dare kuma ya koyi gudun mutum, kashinsa ne hanya mafi sauƙi ta sanin ko su nawa ne.

Mataki na biyu: takardu da mutane

Wannan mataki yakan ɗauki watanni, kuma wanda ya tsallake shi zai iya tarar da samfuransa sun maƙale a filin jirgi, ko mujallu su ƙi karɓar sakamakonsa. Ana fara neman izinin bincike daga hukumar da ke da gandun. A Najeriya, Yankari tana hannun gwamnatin Jihar Bauchi, gandun Tafkin Kainji kuwa yana ƙarƙashin hukumar gandun daji ta tarayya, don haka aikin da ya haɗa su biyun yana buƙatar takardu biyu daban. Idan samfuri zai tsallaka iyaka, yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta shigo: zaki yana cikin jerinta na biyu, an kuma saka raƙumin dawa a 2019, don haka jini da fata da gashi duk sai da izinin fitarwa. Ƙudurin yarjejeniyar bai ɗauki kashi da fitsari a cikin abin da take hukunci a kansa ba, amma ƙasar da za a kai su takan nemi takardar lafiyar dabbobi.

Sai yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, wadda ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗebi albarkatun gado daga cikinta sai ta ba da yardarta tun kafin a ɗiba, kuma a raba amfanin da ita. A aikace, wannan yana nufin a rubuta yarjejeniya da ɗakin gwajin da zai karɓi samfuran, wadda ta fayyace wane ne mai samfurin, me za a yi da ragowarsa, ina za a ajiye bayanan, kuma su wa za a horar. Shawarata ita ce a nace a bar rabin kowane samfuri a gida, kuma a saka horar da aƙalla ɗalibi ɗaya a kan fassarar bayanai cikin sharuɗɗan, domin ƙasar da ta iya tara kashi amma ba ta iya karanta sakamako ba za ta ci gaba da jiran wasu su gaya mata halin dabbobinta.

A je wa hakimi da mai gari kafin a shiga daji, a kuma nemi mafarauta da makiyaya, waɗanda suka san mashayar dabbobi da hanyoyinsu fiye da kowace taswira. Batun tsaro ma ya zama ɓangaren tsari: a watan Agusta na 2020 an kashe mutum takwas a Kure, kuma gandun W, da ke kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, da na Kainji sun sha fama da 'yan bindiga. Saboda haka ya fi dacewa a tsara aikin ta yadda masu gadin da ke sintiri kullum su ne za su tattara samfuran bayan an koya musu.

Mataki na uku: ɗaukar samfuri

A nan ne ya kamata a fi ba da hankali, domin babu dabarar kwamfuta da ke gyara samfurin da ya ruɓe. Samfuri mafi kyau shi ne jini ko ɗan yankin fata. Duk lokacin da aka sa wa dabba allurar barci don ɗaura mata na'urar bibiya ko don sauya mata wuri, likitan ya ɗebi jini a kwalbar da ke hana shi daskarewa, ya kuma yanki ɗan ƙaramin gefen kunne ya saka a itanol, wato sinadarin alkohol. Amma kada a kwantar da dabba don DNA kawai, musamman raƙumin dawa, wanda allurar barci kan iya kashe shi. Akwai kibiya ta musamman da ake harbawa daga nesa, ta ɗan yago fata daga cinya ta faɗo ƙasa a ɗauka, kuma da ita aka tara yawancin samfuran raƙuman dawa a faɗin Afirka. Gawar da aka tsinta, da fatar da aka ƙwace daga hannun mafarauta, da tsofaffin ƙasusuwan da ke gidajen tarihi duk suna da amfani, kuma na ƙarshen su ne ke nuna yadda bambancin gado yake kafin garken ya ragu.

Kashi shi ya fi samuwa, shi ya kuma fi wahalar aiki. DNA ɗin dabbar yana cikin 'yan ƙwayoyin hanji da suka manne a bayan kashin, sauran kuwa na ƙwayoyin cuta ne da na abin da ta ci. Don haka ana ɗaukar ɓangaren waje ne, ana kankare shi ko a goge shi da auduga mai tsinke, ba a tona cikinsa. A nemi ɗanye wanda bai wuce kwana ɗaya ba, a fita da sassafe kafin rana ta buge shi, kuma rani ya fi damina, domin ruwan sama yana wanke ƙwayoyin, danshi kuma yana ruɓar da su. Mai ɗauka ya sa safar hannu, ya canza ta da tsinken a kan kowane samfuri, ko da kashin biyu na kusa da juna.

Hanyar adanawa da ta dace da wurin da babu wutar lantarki ita ce mai hawa biyu: a jiƙa samfurin a itanol mai ƙarfin kashi 96 cikin ɗari na kwana ɗaya, a tsiyaye, sannan a mayar da shi kwalbar da ke ɗauke da ƙwayoyin silika masu shanye danshi. A haka zai iya yin watanni a inuwa. Idan an isa gari a saka shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, ko 80 ƙasa da sifiri idan ajiya ce ta shekaru. Firizar da ke narkewa tana sake daskarewa saboda ɗauke wuta ta fi silika illa, don haka inda wuta ba ta tsayawa gara a bar samfurin a bushe. Kada a taɓa saka samfurin DNA a fomalin, domin yana lalata shi.

A rubuta lamba a jikin kwalba da alƙalamin da itanol ba ya gogewa, a kuma saka wata takardar da aka rubuta da fensir a ciki. A littafi a rubuta kwanan wata, da wurin bisa GPS, da sunan mai ɗauka, da yadda kashin yake, a ɗauki hotonsa da na sawun da ke kusa. Kashin zaki da na kura da na damisa sukan rikitar da ƙwararru ma, shi ya sa gwajin farko a ɗakin gwaji shi ne tabbatar da jinsin dabbar.

Game da yawa kuwa, idan cikakken kundi za a karanta, dabbobi 10 zuwa 20 daga kowane garke sukan isa a ga bambancin gado, muddin ba 'yan gida ɗaya ba ne. Wanda ya ɗebi ashirin a mashaya ɗaya wataƙila uwa da 'ya'yanta da jikokinta ya tara, kuma sakamakonsa zai nuna kusancin dangi fiye da yadda yake a gandun. Idan ƙirge ake so, sai a tara kashi da yawa a zagaye daban-daban, domin lissafin ya dogara ne a kan sau nawa aka sake cin karo da dabbar da aka riga aka gani.

Mataki na huɗu: ɗakin gwaji da zaɓen hanyar karatu

Ana ciro DNA daga kashi a ɗaki daban da wanda ake aikin jini, kuma kowane rukuni yana tafiya da kwalbar da babu komai cikinta sai sinadarai. Idan wannan kwalba ta nuna DNA, an samu gurɓata, sai a sake rukunin. Samfurin kashi ana maimaita gwajinsa sau uku ko fiye, saboda idan DNA ya yi kaɗan na'ura takan ga kwafin uwa ta rasa na uba, sai dabba ɗaya ta fito kamar biyu, ko mai lafiyayyen gado ta fito kamar 'yar dangi.

Hanya mafi arha ita ce karanta ɗan guntun DNA na maitokondiriya, wato sashen ƙwayar jiki da ke samar mata da kuzari, wanda ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Yana gane jinsi da asalin zuriya, amma ba ya cewa komai game da maza, alhali a zakuna maza ne ke barin gida su yi nisa. Sama da shi akwai alamomin maikrosatalayit, guda 10 zuwa 20, masu bambance dabba da dabba. Da irin waɗannan hanyoyi ne masu bincike daga Najeriya da Jami'ar Lund ta Suwidin suka yi aiki a kan kashin zakunan Yankari da na Kainji, suka wallafa a 2014 cewa garkunan biyu ƙanana ne masu alamun barbarar dangi, kuma asalinsu ba ɗaya ba ne: na Kainji sun fi kusa da na Benin, na Yankari kuwa da na Kamaru.

Cikakken karatu yana buƙatar kundin madogara, wato kundin dabba ɗaya da aka harhaɗa da kyau don a riƙa auna sauran a kansa. Na raƙumin dawa na farko ya fito a 2016 daga aikin Morris Agaba a Arusha da Douglas Cavener a Amurka, na zaki da na giwa ma suna nan kyauta a rumbunan bayanai. Idan babu shi, ana yin sa da na'urorin PacBio ko Oxford Nanopore masu karanta dogayen jeri, kuma yana buƙatar sabon jini ko tsoka da aka daskarar nan take. Sauran dabbobin ana karanta su da Illumina, wadda ke fitar da guntaye masu haruffa kusan 150. A nan sai a zaɓi zurfin karatu, wato sau nawa za a karanta kowane harafi. Sau 20 zuwa 30 ake so idan ana neman halin kowace dabba ita kaɗai, amma sau 2 zuwa 5 a kan dabbobi da yawa ya isa a kwatanta garke da garke. Kundin ɗan Adam na farko da aka kammala a 2003 ya ci kusan dala biliyan 3, yau kuwa karatun kundi ɗaya bai kai dala dubu ba, don haka kuɗin mota da mai da alawus na daji kan zarce na na'ura.

Tsarin da ya fi dacewa da ƙaramin kasafi shi ne a karanta cikakken kundin dabbobi kaɗan masu kyakkyawan samfuri, a zaɓo daga ciki gurabe kamar 96 da harafi ɗaya ke bambanta tsakanin dabbobi, waɗanda ake taƙaita sunansu da SNP, a mayar da su gwaji mai arha da ke aiki a kan kashi.

Mataki na biyar: aikin kwamfuta

Kundi mai haruffa biliyan biyu da rabi idan aka karanta shi sau 30 zai ba da haruffa biliyan 75, wato gigabait masu yawa a kan dabba ɗaya, don haka a tanadi babbar kwamfuta ta jami'a ko ta haya a intanet, da ma'ajiya biyu a wurare daban. Ana tace guntayen marasa kyau, a jera sauran a kan kundin madogara da manhaja irin BWA, a fitar da guraben bambanci da GATK, ko da ANGSD idan karatun ba shi da zurfi. Daga nan a cire samfuran da suka fito iri ɗaya, a gano dangi na kusa, a ware kromozom, wato ƙullin DNA, da ke bambanta namiji da mace. A rubuta kowane umarni da kowane ma'aunin tacewa, saboda canza ma'auni ɗaya yana iya canza amsar.

Mataki na shida: fassara sakamako

Abu na farko da ake dubawa shi ne yawan guraben da kwafin uwa ya bambanta da na uba. Wannan adadi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin wasu jinsunan sun daɗe da ƙarancinsa suna rayuwa. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne dogayen sassan kundi inda kwafin biyu suka zama iri ɗaya sak, alamar cewa uwa da uba sun gaje su daga kaka guda. Ɗan da wa da ƙanwa suka haifa, kimanin kashi 25 cikin ɗari na kundinsa haka yake, wanda 'ya'yan wa da ƙani suka haifa kuwa kashi 6 da ɗan kai. Dogayen sassa suna nuna kusancin kwanan nan, gajeru masu yawa kuma suna nuna ƙarancin da aka yi tun zamanin da. Illar ita ce, lahanin da ke ɓoye idan kwafi ɗaya ne ke ɗauke da shi yakan bayyana idan ya zo ta ɓangarorin biyu.

Na biyu shi ne adadin masu yaɗa iri, wanda kusan kullum ya gaza adadin da ido ke gani. Idan maza 2 ne ke barbarar mata 20, lissafi ya nuna garken yana asarar gado kamar na dabbobi 7 ne kawai. A kowace zuriya ana rasa kashi ɗaya bisa ninki biyu na wannan adadi, wato idan 50 ne ana rasa kashi 1 cikin ɗari, idan 10 ne kashi 5. Tun 1980 masana suka ba da ƙa'idar 50 don kauce wa illar kusa da 500 don dogon zamani, kuma a 2014 Richard Frankham da abokansa suka ce a ɗaga ta zuwa 100 da 1,000. Manhajar PSMC tana zana tarihin adadin na dubban shekaru daga kundin dabba ɗaya, GONE kuwa tana duba zuriyoyin baya-bayan nan, kuma ita ce ta fi amfani ga mai gandu.

Sai a yi hattara da gaggawar yanke ƙauna. Binciken gorilar tsaunukan Ruwanda da Kwango na 2015 ya nuna cewa daɗewa cikin ƙaranci ya sa sun zubar da wasu munanan lahani, haka kuma na 2022 a kan vaquita, ƙaramar dabbar teku ta Meziko da ta ragu zuwa kusan 10, ya nuna za ta iya farfaɗowa idan aka daina kama ta a raga. A ɗaya gefen, kyarketan tsibirin Isle Royale na Amurka sun ragu zuwa 2 a 2016, ga lahanin ƙashin baya ya yaɗu a cikinsu. Saboda haka dole a haɗa sakamakon DNA da abin da masu gadi ke gani: yawan haihuwa, da mutuwar ƙanana, da nakasa.

Hotunan da manhajar ADMIXTURE ke fitarwa, masu raba dabbobi rukuni-rukuni da launi, su ma suna yaudara. Garken da aka killace shekaru hamsin zai fito daban ko da babu wani tsohon bambanci tsakaninsa da maƙwabcinsa, kuma wanda ya ɗauki wannan a matsayin dalilin hana haɗa su ya ƙara wa cutar ƙarfi ne.

Mataki na bakwai: mayar da sakamako aiki

Makiyayi ya san cewa idan bijimi ɗaya ya daɗe a garke yana hawan 'ya'yansa, 'yan maruƙa sukan fito raunana, sai ya nemo wani daga wani garken. Abin da aka yi wa damisar Florida ke nan. A farkon shekarun 1990 sun ragu zuwa tsakanin 20 da 30, da karyayyar jela da ciwon zuciya da matsalar maraina, sai a 1995 aka kawo mata 8 daga Texas, 5 daga cikinsu suka haihu, adadin ya ninka kusan sau uku, lahanin kuma ya ragu. Kafin a yi irin wannan a ko'ina sai an tabbatar garkunan jinsi ɗaya ne, muhallinsu ya yi kama, rabuwarsu ba ta daɗe ƙwarai ba, kuma an gwada lafiyar baƙin. Ga zakunan Afirka ta Yamma, waɗanda binciken 2014 ya ƙiyasta kusan 400 ne suka rage a gandayen Niokolo-Koba da W-Arly-Pendjari da Kainji da Yankari, wannan yana nufin idan za a ƙara wa Yankari jini to arewacin Kamaru za a duba, na Kainji kuwa Benin. Zakunan da ake kiwo a gonakin Afirka ta Kudu, duk da sauƙin samunsu, ba su dace ba sam.

Wajen kafa sabon garke ma DNA yana da abin faɗa. A watan Nuwamba na 2018 aka kwashi raƙuman dawa 8 daga yankin Kure aka kai su gandun Gadabeji da ke Dakoro a jihar Maraɗi, tafiyar kusan kilomita 800, aka ƙara 4 a 2022. Bisa lissafi, dabbobi 8 da ba dangi ba suna ɗauke da kusan kashi 94 cikin ɗari na bambancin garken da suka fito, amma idan akwai 'yan uwa a ciki abin ya ragu, kuma nau'o'in gado masu wuyar samu sukan zube tun a tashin farko. Shi ya sa ake so a gwada waɗanda za a kwasa, a zaɓi mafi nisan dangantaka. Haka aka yi da mariri a Chadi: an tattaro garke a Abu Dhabi daga Amurka da Turai da Daular Larabawa ana duba gadonsu, aka fara sakinsu a Ouadi Rimé-Ouadi Achim a 2016, kuma a Disamba 2023 IUCN ta cire su daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Idan tambayar ta fataucin haram ce, ana buƙatar taswirar gado ta dabbobin da aka san inda suke. Samuel Wasser na Jami'ar Washington ya gina irinta da kashin giwaye daga sassan Afirka, kuma a 2015 ya nuna cewa manyan kamun haure 28 da aka yi tsakanin 1996 da 2014 yawancinsu daga yankuna biyu suka fito, dazuzzukan da ke tsakanin Gabon da Kwango da Kamaru, da kuma Tanzaniya da arewacin Mozambik. Samfurin da zai je kotu kuwa sai an rubuta hannun duk wanda ya taɓa shi, daga jami'in kwastan har mai gwaji.

Mataki na takwas: ajiya da bibiya

Ragowar samfuri a ajiye shi da kyau, domin ba a san abin da za a iya yi da shi nan gaba ba. A Amurka akwai wata 'yar dabba mai baƙaƙen ƙafafu, dangin su tunku a kama, wadda duk zuriyarta ta fito daga iyaye 7. Ƙwayoyin wata macen da aka daskarar a San Diego a 1988 su aka yi amfani da su aka samar da kwafinta mai rai a Disamba 2020, aka dawo da gadon da ya riga ya ɓace. Bayanan kuma a saka su a rumbun da kowa zai iya dubawa bisa sharuɗɗan da aka sa hannu, amma a ɓoye ainihin wuraren da dabbobin suke, kada taswirar bincike ta zama jagorar mafarauta. Rahoton da za a ba shugaban gandu ya zama shafi biyu cikin harshen da yake aiki da shi, a kuma koma a yi wa masu gadi da mutanen ƙauye bayani da baki.

Bayan haka a maimaita gwajin mai arha duk bayan 'yan shekaru, da gurabe iri ɗaya da hanya iri ɗaya, domin a iya kwatantawa. Yarjejeniyar kare halittu ta Kunming da Montreal ta Disamba 2022 ta sa ƙasashe su riƙa ba da rahoton garkunan da adadin masu yaɗa irinsu ya haura 500, kuma inda babu DNA ana ƙiyasta shi da kashi ɗaya cikin goma na manyan dabbobin da aka ƙirga. Da wannan ma'auni, raƙuman dawa 600 suna daidai da 60 ko ƙasa da haka, wato ana bukatar dubbai kafin a kai ga gaci, kuma dubbai ba za su samu gawo da aduwar da za su ci a Kure da Dallol Bosso kaɗai ba. A Gadabeji kuwa abin da ya kamata a auna shi ne uban kowane ɗan da aka haifa. Idan gwaji ya nuna namiji ɗaya ne ke haifar yawancinsu, sai tafiya ta gaba daga Kure ta ɗauko maza daga wani reshen dangi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.